Kayan Fatar Mazan Jiya

Ba bindiga nake tarawa ba, kuma ba na taɓa kayan sojan yanzu. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne tsofaffin kayan fata: maratayin bindiga, ɗamarar hafsoshi, kuben banati da jakar harsashi. A Zariya ba sai an yi nisa ba. Tun 1924 ake horar da kurata a Dafo, barikin koyar da sababbin sojoji, don haka gidaje da yawa a Sabon Gari da Tudun Wada suna da akwatin wani kaka da ya yi soja.

Da ka tsaya taya abu, mai shi zai ce maka, "Alhaji, wannan daga Bama ya dawo." Galibi ba ƙarya yake nufi ba, haka ya ji a gida. Amma sojojinmu na Runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin ɗamararsu da maratayin bindigarsu na saƙar zare ne mai kauri, samfurin 1937. Fata ba ta jure damshin dajin can. Abin fata kuwa, sau da yawa ko ya girmi wannan yaƙin, ko na hafsa ne irin Sam Browne, ɗamara mai maratayi a kafaɗa, ko na 'yan doka.

Wani dattijon baduku a cikin Birni ya koya mini duba. Yakan juya maratayi ta ciki, ya bi ɗinkin da farce, ya shinshina. "Ɗana, wannan jimar bagaruwa ce, aikinmu ne," in ji shi. Na Ingila kirgi ne mai kauri, ƙarafunansa na tagulla, sau da yawa da tambarin kibiya na gwamnatin Birtaniya, wani lokaci har da shekara. Na daina raina na gida. Maratayin da baduku ya ɗinka wa soja bayan nasa ya tsinke ya fi daraja a wurina.

Wahalar tana wajen adanawa. Hunturu na tsattsaga fata, damina ta kawo fumfuna. Ba na naɗe su, a shimfiɗe nake ajiyewa cikin farin ƙyalle, nesa da bango saboda gara. Leda kam haram, gumi take tarawa. Baƙin mai da man takalmi sun kashe kayan mutane da yawa. Ɗan kakin zuma ya isa. Fatar da ta fara zubar da jan gari kuwa ta gama yawo, kada a lanƙwasa ta.

Kafin in biya, sai na rubuta sunan sojan da bataliyarsa in iyalansa sun sani, in maƙala takardar a jikin kayan.