Kaboyin Baba direba

Shekara uku na yi a shagon sayar da faifan fim da turawa a waya, kuma gaskiya da farko raina aikin nake, ni da na gama difloma ina zaune ina goge CD da gefen riga, ko abokaina ba na so su biyo ta layin. To akwai wani dattijo tsohon direban babbar mota, duk sati sai ya leƙo, shi ba ruwansa da Indiya, kaboyi kawai yake nema, kuma ba irin na Clint Eastwood da kowa ya sani ba. Ya ce yaro nemo min na Randolph Scott, na ce Baba waye kuma haka?

Sai da na yi wata guda ina fama kafin na samo Seven Men from Now na 1956, wanda Budd Boetticher ya ba da umarni, minti 78 ne kacal. Wajen neman ne na gane dalilin wahalarsa, kamfanin jarumi John Wayne mai suna Batjac ne ya shirya shi sai aka ajiye shekara da shekaru ba a haskawa, sai a 2000 jami'ar UCLA ta Amurka ta gyara shi, DVD kuma sai 2005. Shi ya sa masu tara irin waɗannan finafinan suke ji da shi kamar ƙwai.

Tare muka kalla a shago, janareto na ta ƙara, Baba a kan benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa. A fim ɗin Randolph Scott ne ya fito a matsayin Ben Stride, shugaban 'yan sandan gari da ya faɗi zaɓe, aka ba shi muƙamin mataimaki girman kai ya hana shi karɓa, dole matarsa ta kama aiki a ofishin Wells Fargo, kamfanin jigilar kuɗi da kaya, don su samu na tuwo, a nan 'yan fashi bakwai suka kashe ta. Yana farautarsu ɗaya bayan ɗaya amma in ka kalli idonsa ka san kansa ya fi tuhuma, wallahi jikina ya yi sanyi don ni ma a lokacin mahaifiyata ke sayar da ƙosai tana cika min kuɗin mota ni kuma ina jin kunyar sana'ata. A ƙarshe ya mayar da akwatin zinaren da 'yan fashin suka sace, ya ce zai koma ya karɓi muƙamin mataimakin da ya ƙi.

Baba ya mayar da hularsa ya ce saura Ride Lonesome na 1959. Washegari ni na riga maigida buɗe shago, na ware wa kaboyi kanta guda na rubuta shekarar kowanne a jikin kwalinsa.