Saƙon Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Sa'ad Da Ƙarambau Ya Tare Mana Hanya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Gobe Alhamis in Allah ya kai mu, bayan sallar Azahar, ni da iyalina za mu bar Katsina zuwa Kano mu kwana, ranar Juma'a kuma mu hau jirgin da zai bi da mu ta Adis Ababa zuwa Kwala Lamfur ta ƙasar Maleshiya, inda zan fara karatun digiri na uku. 'Yan uwa da abokan arziki da yawa sun san cewa tun mako 3 da suka wuce ya kamata a ce mun tafi, har akwai waɗanda muka yi sallama da su, sannan suka sake cin karo da ni a masallacin Juma'a suka tsaya suna dubana da mamaki. Kafin mu kama hanya na ga ya wajaba in bayyana abin da ya tsayar da mu, in kuma gode wa mutanen da suka ɗauki nauyinmu a waɗannan makonni, domin wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, saboda na san yawancinsu ba za su so ba, amma kowa zai gane kansa.

Asalin al'amarin shi ne bikin ƙanwar maiɗakina da aka yi wata ranar Asabar a gidan surukaina da ke Ƙofar Marusa, saura kwana 13 tafiyarmu. Kamar yadda aka saba a gidan biki, an tara ƙananan yara a ɗaki guda tun hantsi har bayan La'asar, suna wasa, suna ci a kwano ɗaya, wasu har barci ya kwashe su a katifa ɗaya, kuma ƙaramin ɗanmu mai shekara 2 da wata 4 yana cikinsu. Ranar Litinin da daddare sai wata 'yar uwar maiɗakina, wadda ta zo bikin daga Daura da 'yarta, ta bugo waya ta ce yarinyar ta kwana da zazzaɓi ranar Lahadi, da gari ya waye kuma ƙuraje masu ruwa suka feso mata a ciki da baya da fuska, aka kai ta asibiti aka ce ƙarambau ne. Ta ce ta san muna da tafiya mai nisa, shi ya sa ta fara da mu, daga nan kuma za ta bi sauran iyayen da 'ya'yansu suka zauna a ɗakin ɗaya bayan ɗaya.

Wannan baiwar Allah ita ce farkon wadda nake gode wa, kuma a wurina babu wanda ya kai ta cancanta. Da ta so, da ta yi shiru, babu mai tuhumarta, domin ta riga ta koma Daura, kuma da ciwon ya fito wa yara bayan mako biyu babu wanda zai iya nuna inda aka ɗauko shi. Ta san sarai abin da za a ce, aka kuwa faɗa, don na ji da kunnena ana cewa ta kawo wa mutane ciwo gidan biki. Ina so masu wannan magana su sani cewa ranar bikin babu ko ƙurji ɗaya a jikin yarinyar, kuma halin wannan cuta ke nan, mai ita yana fara yaɗa ta kwana 1 zuwa 2 kafin ƙurajen su bayyana, lokacin da uwa ba ta da abin da za ta gani ta yi hattara. Ba ta yi laifin komai ba da ta zo biki da lafiyayyar 'ya, ta kuma yi abin da yawancinmu kunya da tsoron bakin mutane za su hana mu yi. Yaya, Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya raya miki zuri'a.

Washegari Talata na kai yaron wurin wani abokina tun na makarantar sakandare, wanda yanzu likitan yara ne a nan Katsina. Na je da ƙarfin gwiwata, riƙe da katin rigakafin yaron, ina ce masa ai an yi masa allurar wata tara, sai ya yi murmushi ya ce ta wata tara ta ƙyanda ce da ta shawara, ƙarambau kuwa cuta ce daban da ƙwayarta daban, kuma allurarta ba ta cikin waɗanda gwamnati ke yi wa yara kyauta a Nijeriya. Sannan ya jawo takarda ya yi mini lissafin da ya kashe mini jiki. Ya ce daga ranar da yaro ya haɗu da mai ciwon, ƙurajen kan fito tsakanin kwana na 10 da na 21, galibi wajen kwana na 14 zuwa 16, mu kuwa jirginmu zai tashi a kwana na 13 mu sauka a na 14. Ma'ana, idan yaron ya kamu, kwanakin da zai fi yaɗa cutar ta numfashi da tari ba tare da alama a jikinsa ba su ne daidai waɗanda za mu yi a cikin jirgi da ɗakin jira, kusan kwana guda cur a tsakiyar ɗaruruwan mutanen da ba mu san halin lafiyarsu ba. Ya ce ga yaro mai lafiya ƙarambau yawanci ciwon mako guda ne, amma ga mai juna biyun da ba ta taɓa yin sa ba, da jariri sabon haihuwa, da wanda wata jinya ta raunana garkuwar jikinsa, yana iya zama babbar masifa, har babba ma ya fi yaro shan wuyarsa.

Ba zan ɓoye ba, na fito daga ofishinsa ina neman wanda zai ce mini in tafi. Na kuwa samu, domin akwai masoya da suka ce tun da babu abin da ya fito a jikin yaro babu wanda zai tare mu a filin jirgi, in ma ya fito a sa masa riga mai dogon hannu a wuce. Na san da kyakkyawar niyya suka faɗa, suna tausayin kuɗin tikiti huɗu da wa'adin rajistar makaranta, kuma gaskiyar magana zuciyata ta kwana biyu tana karkata ga shawararsu. Abin da ya dawo da ni hanya shi ne maganar limamin masallacin unguwarmu, wanda na tsaya da shi bayan sallar Isha'i na kwashe labarin na gaya masa. Bai yi mini dogon wa'azi ba, ya dai karanto mini hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya shigar da su cikin masu lafiya, sannan ya tambaye ni ko zan yarda wani ya zaunar da irin wannan yaro kusa da iyalina alhali ya sani ya ɓoye. Malam, na gode. Baba kuma da na kai masa maganar, cewa kawai ya yi in zauna, wani jinkirin alheri ne, ya ci gaba da jan carbinsa.

Likitan ya shaida mini cewa idan aka yi wa yaro allurar ƙarambau cikin kwana 3 da haɗuwarsa da mai ciwon, ko a ƙurewa kwana 5, tana iya hana ciwon fitowa ko ta rage masa ƙarfi. Mun zaga wuraren da muka sani a cikin gari ba mu dace ba, sai wani ƙanena da ke zaune a Kano ya ajiye harkokinsa ya yini yana bin asibitocin kuɗi har ya samo inda suke da ita. Ranar Alhamis, wato kwana na 5, maƙwabcina ya ɗauke mu a motarsa tun da asuba ya kai mu Kano aka yi allurar ya dawo da mu, ya kuma ƙi karɓar ko kuɗin mai. Jin da maiɗakina ta yi tun daren Litinin ne ya sa muka riski wannan wa'adi da ƙyar, kuma wannan ma yana cikin ladan waccan wayar ta Daura.

Sai kuma tambayar wanda ya taɓa yi da wanda bai taɓa yi ba a cikin gidan, domin idan akwai wanda bai yi ba, yaron na warkewa shi kuma zai fara nasa lissafin na kwana 21. Yayarsa ta yi nata bara waccan, maiɗakina kuma tana da tabonsa a goshi tun tana ƙarama. Ni ne ban san matsayina ba, sai na tafi wurin Hajiya, wadda ba ta ɓata lokaci ba ta ce na yi shi ina ajin farko na firamare tare da yayyena biyu, har ta tuna ɗakin da aka kwantar da mu da yadda aka ɗaure mini hannu da tsumma saboda susa. Likita ya ce duk da haka a gwada jinina a tabbatar, sakamakon ya fito ya gaskata ta, ita kuwa ta ce ba ta ga dalilin biyan kuɗi a tambayi inji abin da uwa ta riga ta faɗa ba. Hajiya, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ina gode wa wanda ya saya mana tikiti a Kano, domin shi ya hana ni yin asara sau biyu. Niyyata ita ce in ɗaga tafiyar zuwa bayan kwana na 21 kawai, sai ya ce idan ƙurajen suka makara suka fito a ƙarshen wa'adin, sai an ƙara kamar mako guda kafin su bushe, kuma kamfanonin jiragen sama suna da ikon hana mai ɗanyun ƙuraje hawa, saboda haka gara a ɗaga da mako 3 a biya kuɗin canji sau ɗaya. Kuɗin ba kaɗan ba ne, yayyena da wani kawuna suka haɗa suka biya fiye da rabi ba tare da na buɗe baki na roƙa ba. Malamin da zai duba aikina a jami'ar can ya amsa wasiƙata a yini guda ya nemo mini ƙarin lokacin rajista. Ɗan uwanmu Bakatsine da za mu sauka a gidansa kuwa, wanda agogonsu ke gaban namu da awa 7, ya sha ɗaukar wayata a tsakiyar darensu bai taɓa nuna gajiya ba, kuma a nan ne na ji cewa maiɗakinsa ta sauka bai fi mako 3 ba. Har yanzu idan na tuna cewa gidan mai jego muka nufa da yaron nan, sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Ranar Lahadi, kwana na 15, kwana biyu bayan ranar da ya kamata mu tashi, yaron ya wayi gari da ɗan zazzaɓi, kafin Magariba maiɗakina ta ga ƙuraje uku a bayansa. Cikin ikon Allah ya zo masa da sauƙi, ƙurajen ba su yi yawa ba, bai kuma daina cin abinci ba sai na yini ɗaya. Likita ya ce a ba shi farasitamol idan jiki ya yi zafi, ya ja mana kunne sosai kada a kuskura a ba shi asfirin, a kuma guji ibufurofen, a yanke masa farce, a shafa masa maganin nan na kalamin saboda ƙaiƙayi, a yawaita ba shi ruwa. Gwaggo ta zo da ganyen bedi da kuma tsohuwar dokar nan ta hana mai ƙuraje wanka, amma da aka gaya mata likita ya ce a riƙa yi masa wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan ba tare da cuɗa ba, don kada ƙurajen su ɗauki datti su rikiɗe su zama gyambo, sai ta karɓi aikin wankan da kanta, ta kuma kwana biyar a gidan tana karɓar maiɗakina raino. Ga maiɗakin nawa ba ni da kalmar da za ta isa, domin ita ce ta kwance akwatunan da ta ɗaure, ta yi mako guda ba ta runtsa yadda ya kamata ba, ta kuma jure tsare yaro mai ƙiriniya a ɗaki ɗaya alhali yana jiyo muryar abokan wasansa a waje.

Ina neman afuwar 'yan uwa da maƙwabtan da suka zo dubiya muka tsayar da su a zaure, musamman masu goyo da masu juna biyu, waɗanda wasunsu na ga alamar abin bai yi musu daɗi ba. Ba wulakanci ba ne, kuma na gode wa waɗanda suka fahimta suka riƙa aiko da abinci da gaisuwa daga bakin ƙofa. Na samu labarin cewa yara biyu daga cikin waɗanda suka zauna a ɗakin bikin su ma sun yi, sun kuma warke, yarinyar Daura ma ta koma makaranta, Allah ya ƙara musu lafiya baki ɗaya.

A kwana na bakwai da fitowarsu ƙurajen duka suka bushe suka yi ɓawo, wanda shi ne alamar cewa yaro ya daina yaɗa cutar, kuma shekaranjiya likita ya sake duba shi ya rubuta mana takardar shaidar cewa zai iya hawa jirgi, na haɗa ta da fasfo da katin allurar shawara a jaka ɗaya. Waɗanda suka ba mu saƙon kuka da kuɓewa da yaji zuwa ga 'yan uwansu da ke karatu a can su kwantar da hankalinsu, saƙonsu yana nan yadda suka ɗaure shi, daddawa ce kawai Hajiya ta sa aka sake shanyawa. Wanda muka saɓa wa a cikin ruɗanin kwanakin nan ya yafe mana, muna kuma roƙon a sa mu a addu'a gobe idan mun kama hanyar Kano.

Wassalamu alaikum.