Harsashi da Awon Albarushi a Farautar Elk da Bindigar Ɗuri

Shekarar da na fara samun lasisin farautar elk, wata babbar barewa mai rassan ƙaho, na lokacin bindigar ɗuri a jihar Kolorado ta Amurka, na shafe kusan wata biyu ina gwajin harsashin da doka ba ta yarda in shiga daji da shi ba, kuma ban ankara ba sai da na zauna na karanta littafin ƙa'idojin farauta na jihar tun daga bango har bango, saura mako uku a buɗe daji. Duk albarushin da na ƙona da duk saitin da na daidaita suka tashi a banza, na koma farko ina neman harsashin da zai dace da bindigata kuma ya dace da doka. Tun daga lokacin, idan wani ya tambaye ni wane harsashi ne ya fi, sai in tambaye shi a wace jiha zai yi farautar kafin in ba shi amsa.

Bindigar da nake magana a kanta 'yar uwar bindigar toka ce ta fuskar ɗuri, domin ta baki ake zuba mata albarushi, a cusa harsashi da sanda, kuma harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗurawa. Bambancin yana wajen kunna wuta da kuma cikin bututun. Tun da Tony Knight ya fito da samfurin MK-85 a 1985, yawancin waɗannan bindigogi suna kai wuta ga albarushi daga baya kai tsaye, a layi ɗaya da bututu, kuma na yanzu sun fi amfani da 'yar hular kunna wuta mai lamba 209. Akasarinsu faɗin bakinsu rabin inci ne, wato .50, kuma tsagin da ke cikin bututun yana kammala murɗa ɗaya a cikin inci 28, abin da ke juya dogon harsashi ya tafi a miƙe. Tsofaffin bindigogi masu murɗa ɗaya a inci 48 ko 66 sun fi shiri da gajeren harsashi ko ƙwallon dalma.

Dokar Kolorado ta hana abubuwa da yawa da masu sayar da kayan farauta suka fi tallatawa. A lokacin bindigar ɗuri, wanda ke faɗowa a watan Satumba sa'ad da bijiman elk ke kuka suna neman mata, ba a yarda da madubin hange ba, ba a yarda da albarushin da aka dunƙule curi-curi ba, kuma ba a yarda da ƙaramin harsashin da aka sa wa rigar roba ba, wadda suke kira sabot. Ga elk, dogon harsashi dole ya kai faɗin .50, ƙwallon dalma kuwa .54. Jihar Aidaho kuwa a lokacin da ta keɓe wa bindigar ɗuri ba ta yarda da hular 209 ba, Montana kuma ta buɗe nata lokacin a 2021 ga bindigogi irin na da kawai. New Mexico ta cire madubin hange daga kan bindigar ɗuri a 2023, Kalifoniya kuwa ta haramta harsashin dalma a kowace irin farauta tun 2019. Waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka littafin bana ake karantawa, ba na bara ba.

Sai kuma dabbar kanta. Bijimin elk na duwatsun Rocky yakan kai laba 700, wato kilo 320 ko kusa da haka, macen kuma laba 500, wanda ke nufin bijimin ya ɗara gwanki nauyi. Fatarsa kauri gare ta, sau da yawa ma tana shafe da busasshen taɓo saboda birgimar da yake yi a kududdufi lokacin barbara, ga ƙashin kafaɗa mai ƙwari. Idan harsashi ya huda masa huhu ɗaya kawai, yana iya yin tafiya mai nisa ya gangara kwazazzabon da fito da namansa zai ci kwana biyu. Abin da maharbi yake nema shi ne harsashin da zai ratsa huhu biyu, in da hali ya fita ta ɗaya gefen, domin ramin fita shi ne ke zubar da jinin da ake bi.

A nan ne na fi daɗewa ina kuskure, domin na ɗauka gudun harsashi shi ne ƙarfinsa. Ana auna nauyin harsashi da giren, kuma giren 7,000 ne laba ɗaya. Akwai wani lissafi mai sauƙi da ke nuna yadda harsashi zai iya kutsawa, wato a raba nauyinsa a laba da faɗinsa a inci sau kansa. Ƙwallon dalma na bindigar .50, mai nauyin giren 177, yana ba da 0.105 kacal. Harsashi mai faɗin .452 da nauyin giren 250, irin wanda ake sa wa rigar roba, yana ba da 0.175, idan aka kai shi giren 300 sai ya koma 0.210. Dogon harsashin dalma mai giren 460 da ya cika bakin .50 yana ba da 0.263, wanda ya kusa da 0.271 na harsashi mai giren 180 da ake harbawa da bindigar .30-06, wadda ta daɗe tana kayar da elk. Wannan lissafi bai faɗi komai game da ƙwarin harsashin ba, amma ya isa ya nuna dalilin da ya sa tsofaffin mafarauta ba sa son sauka ƙasa da giren 300 a kan wannan dabba, alhali giren 250 ya wadatar ga ƙananan bareyi.

Ƙwarin kuwa a shekarata ta biyu na koyi muhimmancinsa, kuma ban ji daɗin darasin ba. Na ɗura wani harsashi mai taushi da rami a hanci, wanda bai kai giren 300 ba, na kuma tura shi da albarushi mai yawa saboda ya fi tafiya a miƙe a filin gwaji. Bijimin ya fito daga cikin itatuwa a tazarar da ba ta wuce yadi 60 ba, ya ɗan karkato gabansa wajena, na saita kafaɗa na ja kunama. Da hayaƙi ya washe ba ya wurin. Jinin da muka samu ɗigo-ɗigo ne, nan a kan ganye, can a jikin dutse, muka bi shi tun hantsi har rana ta karkata kafin in same shi kwance in ƙarasa shi da harbi na biyu. Da muka feɗe, sai na ga harsashin farko ya tarwatse a kan ƙashin kafaɗa, ya bar rauni mai faɗin tafin hannu amma mara zurfi, ɓarɓashin dalma kaɗan ne ya isa huhun kusa. Laifin nawa ne, domin an ƙera harsashin ya buɗe a gudu matsakaici, ni kuwa na buga shi a kan ƙashi da gudun da ya fi ƙarfinsa.

Hanyoyi biyu na gani suna magance wannan. Ta farko ita ce tsohuwar hanya, wato dogon harsashin dalma zalla mai nauyi, irin Great Plains na Hornady mai giren 385, ko Maxi-Ball mai giren 370, ko No Excuses mai giren 460. Waɗannan ba sa gudu sosai, na ƙarshen yakan tashi da ƙafa 1,300 zuwa 1,400 a daƙiƙa, amma nauyinsu yana kai su cikin ƙashi da nama kamar an buga turke, kuma tun kafin su buɗe ramin da suke yi rabin inci ne. Aibinsu shi ne suna saurin faɗuwa bayan yadi 100, shurinsu a kafaɗa ba wasa ba, kuma wanda ya shiga bututu da sauƙi yana iya zamewa daga kan albarushi idan an yini ana yawo da bakin bindiga a ƙasa, don haka a riƙa taɓa shi da sanda lokaci-lokaci bayan an cire hular wuta. Wasu kan sa ɗan faifan ulu tsakanin albarushi da harsashi don kada wuta ta ci gindin dalmar, kuma a bindigata hakan ya rage warwatsuwar harbi.

Hanya ta biyu ita ce harsashin jan ƙarfe zalla, wanda hancinsa ke buɗewa kamar fure amma jikinsa ba ya rabuwa. Inda doka ta yarda da rigar roba, Barnes mai giren 290 yana da suna a wannan aiki. Inda ba ta yarda ba, akwai Thor, wanda ya cika bakin bindiga da kansa. Shi jan ƙarfe ba ya lotsewa ya bi tsagin bututu kamar dalma, shi ya sa ake fara sayen 'yan samfura masu faɗi daga .500 zuwa .503 a gwada wanda ya kama bututun daidai, domin bindigogi biyu da aka rubuta wa .50 ba lallai ne faɗinsu ya zo ɗaya ba. Wanda ya dace shi ne wanda sai an sa ƙarfi a hankali yake sauka, ba wanda ke zurarewa da kansa ba, ba kuma wanda sai an buga sandar da dutse ba, musamman idan aka tuna cewa ɗuri na biyu da hannu mai rawa ake yin sa.

Game da albarushi, abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne cewa idan aka ce giren 100, cikin ma'auni ake nufi, ba nauyi a sikeli ba. Baƙin albarushi na asali da madadinsa mai suna Pyrodex ana auna su cika da cika. Garin albarushin Triple Seven, wanda ba na curi ba, ya fi su zafi, har kamfanin Hodgdon mai yin sa ya ce a rage kashi 15 cikin ɗari idan ana son daidai da baƙin albarushi, kuma da hular 209 yakan bar wani zobe na busasshiyar dauɗa a gindin bututu wanda ke hana harsashi na gaba zama, sai an goge bayan kowane harbi. Blackhorn 209 ya fi su tsabta kuma bai cika shan laima ba, amma yana son hula mai zafi irin CCI 209M ko Federal 209A da harsashin da ya matse shi sosai, in ba haka ba wutar takan yi jinkiri. Iyakarsa giren 120 ne a ma'auni, wanda ya yi daidai da giren 84 a sikeli, kuma wanda ya rikita waɗannan lambobi biyu ya zuba 120 a sikeli ya jefa kansa cikin haɗari. Albarushi mara hayaƙi na bindigogin harsashin kwanso ba ya shiga wannan bindiga ko kaɗan, domin fasa bututu yake yi. Haka kuma ƙarin nauyin harsashi yana ƙara matsi, saboda haka jadawalin wanda ya ƙera bindigar shi ne iyaka.

Ana yawan tallata bindigogi da cewa suna ɗaukar giren 150, wato curi uku masu hamsin-hamsin, kuma ni ma na ruɗu da wannan. A ganina ƙarin gudun da ake samu bai kai shurin da ake sha ba, domin bindigar da ke dukan mutum tana koya masa runtse ido da zabura kafin kunama ta saki, kuma wannan ɗabi'a ta fi kowane kuskuren lissafi ɓata harbi. Yadda nake yi yanzu shi ne in auna albarushin Blackhorn a gida cikin 'yan kwalaben roba, in fara da giren 80 a ma'auni, in harba uku a allo a yadi 100, in bar bututu ya huce, sannan in ƙara giren 10. Da harsashin jan ƙarfe mai giren 300, ramuka ukun da na samu a 80 da 90 tafin hannu yana rufe su, a 100 suka matso har yatsu uku suna rufe su, a 110 kuwa suka sake bajewa. A nan na tsaya, wato giren 100 a ma'auni, 70 a sikeli. Na kuma zana alama a jikin sandar ɗuri daidai bakin bututu, ta yadda da kallo ɗaya zan san harsashi ya zauna a kan albarushi ba tare da gurbin iska ba, kuma ban ɗura sau biyu ba.

Da irin wannan ɗuri harsashin yakan tashi da ƙafa 1,800 da 'yan kai a daƙiƙa. Mafarauta da yawa suna riƙe da cewa elk yana buƙatar ƙarfin bugu na 1,500 a ma'aunin ƙafa da laba, kuma idan aka bi wannan, ɗurina yana ƙarewa ne jim kaɗan bayan yadi 100. Ban ɗauki lambar a matsayin doka ba, domin dogon harsashin dalma yana kisa da ƙasa da haka, amma ta zo daidai da wata iyaka da ta fi ta gaskiya. Idan an daidaita saiti a yadi 100, harsashin yana faɗuwa fiye da ƙafa guda a yadi 200, kuma da saitin ƙarfe tsinin gaba yana rufe ƙirjin dabbar gaba ɗaya tun kafin nan. Iyakata yadi 120 ce.

Harbin da ya fi muhimmanci a gwada shi ne na farko daga bututu mai sanyi da tsabta, tunda shi ne za a yi a daji, kuma a bindigogi da yawa ba ya faɗawa wuri ɗaya da na biyu. Kafin ɗuri nakan goge mai daga bututu, in fasa hula biyu a banza don buɗe hanyar wuta, bayan ɗuri kuma in liƙe bakin da salatif saboda ruwan saman Satumba, iskar da ke gaban harsashi tana fasa shi ba tare da ta karkatar da harbin ba. Da dare bindigar a waje take kwana cikin akwatinta ba tare da hula ba, domin ƙarfe mai sanyi idan ya shiga tanti mai ɗumi gumi yake yi, gumin kuma cikin albarushi yake sauka.

Bijimin da na samu da wannan ɗuri yana tsaye ne a gicciye a yadi 85, na saita bayan kafaɗa. Bai yi taku hamsin ba ya faɗi. Harsashin ya karya haƙarƙari a shiga, ya ratsa huhu biyu, ya fasa allon kafaɗar da ke can gefe, ya tsaya a ƙarƙashin fata inda na ji shi da yatsa kamar tsakuwa. Da na wanke shi na ɗora a sikelin albarushi, hancinsa a buɗe, nauyinsa bai ragu da abin a zo a gani ba daga giren 300 da ya shiga da shi.