Bencin ƙofar shagona

Shagona na kayan gyaran babur yana Sabon Garin Zariya, ta hanyar da ke fita Kwangila. Ni da yara biyu ne, ɗaya a kan kanta, ɗaya bakanike a ƙarƙashin rumfa. Fulogi, sarƙa, tib, baƙin mai, wayar kuloci, ringi da fistan, da su muke cin abinci. Galibi na Boxer ne, don shi 'yan acaɓa suka fi riƙewa, sai ɗan na Jincheng da Haojue, da na roba-roba saboda malaman makaranta. Kano nake zuwa sari.

Akwai wani dogon benci da na sa kafinta ya buga mini tun ina sabon buɗe shago. Da an idar da azahar, rana ta hana fasinja fitowa, sai ka ga babura sun jeru. Nan ake jin wane gidan mai ne litarsa ke cika, ina 'yan Kastiliya, jami'an kula da zirga-zirgar ababen hawa na jihar Kaduna, suka tsaya yau, wane rami ne ya buɗe a hanyar Shika bayan ruwan jiya. Nan ake zuba adashi, nan ake haɗa kuɗin asibiti in wani ya faɗi. Ni ma daga hirar nake gane kayan da zan saro. In na ji mutum uku sun kushe wata taya a mako guda, ba ta sake shigowa shagona.

Sai dai ba kowace shawara ce ta ɗauka ba, kuma wannan ne ke hana ni zama a cikin shago in yi shiru. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya zama malamin rage shan mai. Wani ya ce a matse kafireta iya matsewa. Ka matse, mai ya yi wa iska kaɗan, inji ya riƙa ɗaukar zafi, ka ciro fulogi ka gan shi fari fat, nan da 'yan watanni kana neman kuɗin ɗaurin inji. Wani ya ce a ja lokacin juyen baƙin mai, ai ba ya ruɓewa. Lita ɗaya tak Boxer ke ɗauka, a kanta mutum zai sayar da injinsa. Abin da ke rage shan mai da gaske ba ya cin kuɗi: iskar taya daidai, sarƙa da ɗan sassauci kamar yatsa biyu ana ɗiga mata mai, da wanke soson iska. Da hunturu ƙurar Zariya kan toshe sosan nan cikin 'yan kwanaki, babur ya yi ta zuƙar mai yana baƙin hayaƙi, mai shi yana zagin gidan mai.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta birkin gaba. Yara da yawa sun yarda cewa shi ke kayar da mutum, har su cire wayarsa. Alhali in ka taka birki nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ke riƙe ƙasa. Abin da ke kayarwa shi ne cafke shi lokaci guda, musamman a kan yashi ko a kwana. Akwai wani dattijo da muke kira Baba, ya taso daga Kano bayan an hana acaɓa a can a 2013. Ranar da wani yaro ya kawo babur a cire masa madubi da birkin gaba, ban buɗe baki ba Baba ya riga ni.

"Ɗana, matar aure da goyo za ka ɗauka a kan wannan?"

"Baba, ai haka kowa ke yi."

"To kai ka fita daga cikin kowa. Zo mu je fili in nuna maka yadda ake haɗa birkin gaba da na baya."

Suka tafi. Yaron ya dawo ya sayi sabuwar wayar birki.

Ni ma bencin ya taɓa gyara ni. Wani dila ya kawo mini baƙin mai da araha, galan da tambari kamar na gaske, na karɓi katan biyu. Ba a yi wata ba injin wani abokin cinikina ya buga a hanyar Samaru, kuma babur ɗin na balas ne, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗi da yamma. A bainar jama'a ya faɗa mini, idonsa jajir. Na ji nauyi ƙwarai. Na biya ringi da fistan da kuɗin aiki, na zubar da ragowar man a gabansu. Tun daga lokacin duk sabon kaya sai na ba mutum biyu daga cikinsu sun gwada na sati biyu kafin ya hau kanta.

Hular kwano ce har yanzu ban ci nasara ba. Tun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta, amma guda shida da na saro bara, huɗu na nan rataye. Sun ce zafi, sun ce fasinja ba ya yarda ya sa wadda wani ya sa. Na ce to ku sa naku kan tukuna. Yanzu na yarda a biya ni kaɗan-kaɗan, duk ranar zubin adashi. Baba ne ya fara ɗauka, jiya kuma yaron nan mai birki ya zo ya gwada wata ja, ya ce in ajiye masa zuwa Juma'a.