MiG-21 ɗin Makurɗi a kan teburina

Wata huɗu na yi a kan wannan ƙaramin samfurin jirgin na roba da ake saya a kwali a haɗa da hannu, ba kullum ba dai, yawanci bayan isha'i ne idan yara sun kwanta kuma an yi sa'a akwai wuta, sai kuma Asabar da safe kafin rana ta buɗe. Mutum biyu uku sun tambaye ni wai kayan ƙarin nan da ake saya daban da kwalin jirgi sun cancanci kuɗinsu kuwa, shi ne na ce bari in zauna in rubuta tun abin bai fita daga kaina ba.

Jirgin MiG-21MF ne na kamfanin Eduard da ke ƙasar Cak (Czech), ma'aunin 1/48, wato kowane santimita ɗaya a teburina santimita 48 ne a jikin na gaske. Na gasken daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 7 ne da 'yan kai, shi ya sa nawa bai ma cika santimita 15 ba, amma tsawonsa in ka haɗa da sandar hanci mai auna gudun jirgi ya haura santimita 30, siriri ne kamar fensir aka sa wa fukafukai masu kusurwa uku. Ban zaɓe shi don ya fi sauran kyau ba. Sojan sama na Najeriya sun karɓi irinsa daga Tarayyar Sobiyat a 1975, a Makurɗi suka fi zama, kuma kawuna ya yi shekaru yana makaniken jirgi a can. Tun muna yara yake ba mu labarin ƙararsa idan an kunna wutar baya mai ƙara wa inji ƙarfi zai tashi, ya ce har cikin ƙirjinka kake jin ta ba kunne kaɗai ba. Daga baya jiragen suka tsufa aka ajiye su, sai a 2010 aka kawo F-7 na China wanda shi ma asalinsa daga MiG-21 ɗin aka samo shi. To ni ban taɓa ganin nasu kawu a sama ba, a hoto kawai, shi ya sa na ƙudura sai na haɗa shi da hannuna kuma in yi shi yadda in ya gani zai gane.

Eduard na fitar da kwalin iri biyu, akwai Weekend wanda roba ne kawai da sitika, akwai ProfiPACK wanda a ciki har da fallen ƙarfen nan mai siraran kaya da aka riga aka yi wa fenti, da kuma salatif ɗin rufe gilashi da aka yanka daidai. Ni ProfiPACK na saya, sannan na ƙara da ɗakin matuƙi na rezin daga layinsu na Brassin, da bututun hayaƙi na rezin, da tayoyi, da sandar hanci ta tagulla daga kamfanin Master na Poland. Da na lissafa sai na ga kayan ƙarin sun fi kwalin kansa kuɗi, ga kuɗin aikowa, ga jiran sati bakwai kafin su iso hannuna a Kaduna. Kuma nan ne kuskure na farko, don ɗakin matuƙin rezin yana zuwa da nasa fallen ƙarfen, sai ya zama na biya kuɗin abu ɗaya sau biyu. Duk wanda ya san zai sayi na rezin to Weekend ya ishe shi, ya ƙara da salatif ɗin gilashi daban, shi ke nan.

Rezin ba roba ba ne, wannan shi ne abin da ya kamata mutum ya sa a ransa tun kafin ya buɗe leda. Zuba shi ake yi a cikin mazubi ya daskare, shi ya sa kowane yanki yake zuwa manne da wani ƙaton gindi da sai ka yanke da ƙaramin zarto mai sirarin haƙori, in ka ce da reza za ka ɓalle shi to tsagewa zai yi don ba ya lanƙwasa. Kuma ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu ko kaɗan, ni da takunkumi nake yi, samfefa ma a jiƙe cikin ɗan faranti da ruwa don ƙurar ta zama taɓo ta zauna, kuma ba na yi idan yara na kusa. Sai wanki da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, saboda akwai wani maiƙo na mazubi da ke hana fenti kamawa. Gam ɗin Tamiya mai koren murfi da muke haɗa roba da shi narkar da robar yake yi ta haɗe, a kan rezin kuwa babu abin da zai yi, dole sai sufa gulu, shi kuma sufa gulu ba ya jiran kowa, in ka ɗora a karkace a karkace zai zauna. Da tsinken sakace nake ɗiba, ɗigo ɗaya a kan marfin kwalba, in taɓa in sa.

Sati uku ɗakin matuƙin nan ya ci shi kaɗai, kuma wallahi a nan na fi jin daɗin aikin duk da wahalarsa. Da farko sai ka kankare duk zanen da ke bangon ciki na robar, ka yi ta gogewa har bangon ya yi siriri, ni har sai da na ɗaga shi a fitila na ga haske na ratsawa kafin ɓangarorin jirgin biyu suka yarda suka rufe a kan rezin ɗin ba tare da tsaga a gadon baya ba. Ka gwada, ka cire, ka goge, ka sake gwadawa, na yi haka ya fi sau ashirin kafin in taɓa gam. Amma da aka zo fenti sai ka ga inda kuɗin ya tafi. Launin cikin jiragen Sobiyat na wancan lokacin wani shuɗi ne mai ratsin kore, mai haske, wanda duk wanda ya taɓa leƙa MiG ba ya mantawa, da na fesa shi na bi da baƙin ruwan fenti mai tsarki-tsarki ya shiga lunguna, sai ga wayoyi da makunnai da 'yan akwatuna duk sun fito, abubuwan da a robar kwali zane ne kawai a shafe. Kujerar kuwa, KM-1, wadda ke cilla matuƙi waje in jirgi ya lalace, ita kaɗai ta kai yanki goma sha wani abu, har da jajayen hannayen da ke tsakanin ƙafafu da ake ja. Bel ɗinta na fallen ƙarfe ne, faɗinsa bai kai milimita biyu ba, kana lanƙwasa shi a hankali a kan tsinke don ya kwanta kamar yadi ya zube a kujera, in ka matsa da yawa fentin da ke jikinsa ya ɓare. Wanda ba a yi wa fenti ba ana iya ɗan gasa shi a wutar kyandir ya yi laushi, mai fenti kam kada ma ka fara. Ɗaya daga cikin sakatun bel ɗin ya tsalle daga bakin hantsaki, na ji ƙarar faɗuwarsa amma har yau ban gan shi ba, na yanka wani daga ragowar fallen. Tun daga ranar a cikin babban tire nake aiki da farin zani shimfiɗe a cinyata.

Bututun hayaƙi fa? Gaskiya yana da kyau ƙwarai a hannu, zoben wutar baya na injin R-13 ɗin ya fito tsaf da koren launin cikinsa, na ɓata dare biyu a kansa, amma da aka rufe jirgi sai ya shige can ciki, in ba ka ɗauko tocila ka duƙa ta baya ba ba za ka ga komai ba sai bakinsa. Ban yi nadama ba amma ba zan sake saya ba. Tayoyi ma haka, bambancinsu da na kwali kaɗan ne, ɗan lotsawar nan ta ƙasa mai nuna nauyin jirgi ana iya yin ta da samfefa cikin minti biyu.

Abin da ya fi kowanne araha shi ya fi kowanne amfani, sandar hanci. A jikin na gaske ita ke auna gudun jirgi a cikin iska, doguwa ce ta wuce hanci sosai, ta roba ko ka haɗa ta lafiya wata rana hannun riga zai taɓa ta ta karye, kuma tana da kauri fiye da yadda ya kamata. Ta tagullar siririya ce miƙaƙƙiya, da 'yan fukafukanta ƙanana da ake mannawa a gefe, kuma ita ido ke fara sauka a kai tun daga bakin ƙofa. Salatif ɗin gilashi shi ma ya biya, abin da da zan yi awa ɗaya ina yanka da reza ina tsoron karce gilashi, cikin minti goma na gama. Na ɗan cusa dalma a cikin koren ƙoƙon hanci, don rezin ɗin baya ya ƙara nauyi kuma ba na son jirgi ya zauna a kan wutsiya.

Fenti ya faɗo daidai tsakiyar hunturu, kuma duk wanda ke wannan aikin a arewa ya san me nake nufi. Iska a bushe take ƙarau, fenti na fita daga bakin abin feshi yana bushewa kafin ya isa jikin jirgi, sai ka shafa ka ji kamar yashi. Fiffiken hagu sai da na goge shi tas na sake. Abin da ya yi mini aiki shi ne ƙara tina, rage ƙarfin iska, matsowa kusa, da yin feshin da sassafe bayan na yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, da na gama kuma in kife babban kwali a kai don ƙura. Sau biyu aka ɗauke wuta ina tsakiyar feshi, dole in tsaya in wanke allurar da tina a hasken waya kafin fenti ya daskare a ciki. Launin ɓad-da-kama na bi tsofaffin hotuna ne, kore da ruwan ƙasa a sama, shuɗi mai haske a ƙasa, kuma na ɗan haskaka su da fari don ranar Binuwai ba ta barin fenti da ƙarfinsa. Kwalin da na saya babu tambarin Najeriya a ciki, to da'irar kore fari kore da kaina na yi, na yanka salatif da kamfas mai reza na fesa fari tukuna sannan kore, sau uku kafin da'irar tsakiya ta zauna a tsakiya. Harufan NAF na sojan sama na Najeriya da lamba kuma na buga a takardar sitika ta ruwa. In ka tambaye ni, wannan da'irar da na yi da salatif na naira kaɗan ta fi duk rezin ɗin sa jirgin ya zama namu.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan masallaci na sa shi a kwali da auduga na kai wa kawu. Ya sa tabarau, ya ce in ɗora a kan tabarma kada in ba shi a hannu, ya duƙa ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya nuna ɗan madubin da ke saman murfin gilashi wanda matuƙi ke ganin baya da shi, ya ce har wannan ka sa? Na ce yana cikin kwalin, Kawu. Ya leƙa ciki ya ga launin nan ya gyaɗa kai, ya ce shi ne, haka yake, in ka shiga da rana har ido yake hutawa. Bututun hayaƙin da na yi dare biyu a kai ko kallonsa bai yi ba. Ya ce ƙasan jirgin ya yi tsabta da yawa, nasu kullum akwai zirin mai daga tsakiya zuwa baya komai gogewa, kuma gefen hagu inda ake jingina tsani fenti ya kan goge saboda takalma.

Sai ya koma kan kujera, fuskarsa ta canja, ya ce ɗana, murfi a buɗe jirgi a ƙasa, ina fil ɗin kujera? Ban gane ba sai da ya yi mini bayani, cewa muddin jirgi na ƙasa akwai ƙusoshin tsaro da ake zurawa a kujerar da jan ƙyalle a jikinsu don kada ta tashi da mutum, sai matuƙi ya zauna an ɗaure shi sannan a zare a nuna masa ya gani da idonsa, kuma shi a shekarunsa bai taɓa barin yaro ya sa ƙafa a tsani ba sai ya ga jan ƙyallen nan. Ya ce bakin hanci ma a rufe yake zama da jan marfi saboda tsuntsu da tsakuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a ledojin da na saya.

Daren nan na warware wata tsohuwar wayar caja na ciro siririn zaren tagulla guda ɗaya na fil, jan ƙyallen kuma daga takardar alawa mai ƙyalli zan yanka in fesa mata ja, marfin hanci ina ganin fallen roba siriri zai yi in na samu faɗin daidai da kamfas. Kawu ya ce in na gama in dawo da shi zai nuna mini daidai inda zirin man yake farawa.