Telen Baba ta tashi, amma sai da ta ci mini jika 19

Har yanzu in na tuna da ranar nan raina sai ya ɓaci, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

Telen ta marigayi mahaifinmu ce, mai kala, ƙirar Faransa, irin mai ƙaton ƙeya wadda sai mutum biyu suke ɗaga ta. A gabanta rabin layinmu na unguwar Bagalam a Maradi ke taruwa lokacin kokowar takobi, Télé Sahel na nunawa, tsoho kuma na gefe yana ba mu labarin Kantu, tsohon gwanin kokowa, ko ba wanda ya tambaye shi. Da aka shigo zamanin shafaffun tele sai aka tura ta ɗakin ajiya, ta yi shekara da shekaru ƙarƙashin tsofaffin tabarmi. Bara da muka zo gyaran rufin ɗakin na ciro ta, na ce wallahi ba za ta tafi wajen masu sayen tsohon ƙarfe ba.

Na ɗan san kan waya, ina da mita da ƙarfen liƙi, na taɓa gyara rediyo da fanka. Wannan ɗan sanin shi ya kai ni ya baro. Na buɗe bayanta, na share ƙurar hunturu da ta yi kauri kamar bargo, na ɓamɓare gidan zanzaro har biyu. Na kuma yi abin da kowa ke gargaɗi a kai, wato sauke wutar da kwalbar da ke nuna hoto ke riƙewa: sukudireba mai hannun roba, an ɗaura mata waya zuwa igiyar ƙarfen da ke kewaye da bayan kwalbar, sannan a zura ta ƙarƙashin robar nan mai kama da ƙahon wanzami. Kwalbar tele mai kala tana aiki da wajen volt 25,000, kuma tana iya riƙe saura bayan an kashe. A nan ban yi wasa ba. Da na ga allon ciki tsaf, babu ƙuna, babu abin da ya kumbura, yara kuma sun kewaye ni suna "Baba kunna, Baba kunna", sai na soka ta a bango kai tsaye.

Ta yi ɗan kuka, fuskar ta fara haske, na fara murmushi. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ji na yi ɗas, komai ya ɗauke.

Na auna, na tarar babban tiransistan layi, BU508, ya ƙone. Na hau kabu-kabu zuwa kasuwa na sayo wani, na liƙa, na sake kunnawa. Ban tsaya na tambayi kaina me ya kashe na farkon ba. Wannan karon har da wari da ɗan hayaƙi, kuma THT, taransifomar da ke haɗa babbar wutar, ta tsage a gefe. Abin da ya fi shekara 30 lafiya lau, ni na kashe shi da yamma ɗaya.

Washegari na sa ta a amalanke, a kife bisa katifa don kada wuyan kwalbar ya bugu, na kai wa wani dattijo da ke gyaran irinsu tun muna yara. Ya saurare ni har na gama, bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Ɗana, mutumin da ya yi shekara goma kwance, ranar da ya tashi sai ka sa shi tsere?" Na ce, "Baba, ai na duba, babu abin da ya kumbura." Ya yi dariyar da ta fi zagi ciwo.

Ya cire mataccen tiransistan, ya ɗaura kwan fitila mai zare na wat 60 a kan layin wutar da ke ciyar da shi, sannan ya kunna ya ɗora mita. Inda ya kamata a ga kusan volt 130, allurar ta haye 170. Ashe wani ɗan kondansata ne a ɓangaren wuta, bai kai kan ɗan yatsa ba, zafin ɗakin kwano ya busar da ruwan cikinsa. A ido lafiyarsa lau, amma ya daina riƙe wutar a ma'auninta, ita kuma ta yi ta hawa tana cinye duk abin da ke gabanta. Kuɗinsa dala ashirin. Da na yi wannan awon tun farko, da dala ashirin na tashi telen nan.

Neman THT kuwa shi ne azabar. Kowace ƙira da lambarta da jerin ƙafafunta, ba a cusa wata a gurbin wata. Na zaga masu tsofaffin kaya a Maradi ban samu ba, na ba wani direba da ke zuwa Kano ta Ɗan Isa saƙo, ya kawo mini wadda ba ta shiga ba, kuɗin ya tafi. Sai bayan kusan wata biyu dattijon ya samo gawar wata tele irinta, kwalbarta a fashe, muka saye ta sukutum don abu guda. Da na haɗa lissafi, tiransista biyu, THT marar amfani, gawar tele, kuɗin mota da na aiki, jika 19.

Duk mai tsohuwar tele a ɗaka, don Allah ya ji wannan: kar ka ba ta wutar bango kai tsaye. Ka sa kwan fitila mai zare a jere da wayar wutar. In ya ɗan yi haske ya lafa, da sauƙi, in ya tsaya da haske sosai, akwai matsala a ciki, kwan ya tare maka ita. Ka canja ƙananan kondansatocin ɓangaren wuta ko da sun yi maka kyau a ido. In tiransista ya mutu, nemo abin da ya kashe shi kafin ka liƙa sabo. Shi kansa kwan mai zaren yanzu sai an tona, kasuwa duk ta koma LED, kuma LED ba ya wannan aikin. Dattijon nasa a cikin gwangwanin madara yake ɓoye shi, ko aro ba ya bayarwa.

Sauran aikin bai ba mu wuya ba. Telen na da ramin Péritel na jona wata na'ura a baya, kamar yawancin na Faransa tun 1980, don haka da ɗan mahaɗi muka jona ta da dikoda, hoto ya fito da kalarsa. Ja ya ɗan yi rauni, sai ta yi kamar minti biyar kafin fuskokin mutane su daidaita, amma na hana a taɓa. Na taɓa abin da ya ishe ni.

Daren farko da muka kunna ta a tsakar gida, ƙaramar ɗiyata ta toshe kunne ta ce telen tana fito. Na kasa kunne ban ji komai ba. Na san kukan da take nufi, na layin hoto ne mai bugawa sau 15,625 a daƙiƙa, da shi nake gane an kunna tele tun daga zaure lokacin ina kamarta. Na ce ta matsa baya kaɗan, ta ce ita dai a mayar mata da shafaffiyar.