Ƙaron amya: kowace ƙasa da irin nata

Duk mai kiwon zuma ya san wahalar ɗaga murfin akwati. Sai ka sa wuƙa ka ɓanɓare, don ƙudan sun bi kowace kafa sun liƙe da wani abu mai danƙo, ruwan ƙasa-ƙasa, mai ƙamshi kamar turaren wuta. Ba kaki ba ne. Kaki daga jikin ƙudan yake fita, wannan kuwa ƙaro ne da suke kankarowa daga toho da ɓawon itatuwa, su ɗauko a ƙafafunsu na baya, 'yan'uwansu su ciccire musu a cikin amya, a cuɗa da kaki. Shi ne masana ke kira firofolis. Da bazara yana laushi ya manne maka a yatsa, sabulu ba ya fid da shi sai ka shafa mai. Da hunturu kuwa ya bushe, kana taɓa shi ya farfashe.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne tallan da ake ta turo mana a WhatsApp: 'yar kwalbar firofolis guda, wai tana maganin daji da suga da olsa da hawan jini, kuma "bincike ya tabbatar". Tambayata a kullum ita ce: binciken ƙaron wace ƙasa?

A dunƙule, kusan rabin firofolis ƙaron itace ne, kashi 30 cikin ɗari kaki, sauran kuwa mai mai ƙamshi da ƙurar fure da tarkace. Ƙarfin yana cikin rabin nan na itace, ita kuwa ƙuda abin da ta samu kusa da gida shi take kwasowa. An gano sinadarai sama da 300 a firofolis, amma babu ƙaro guda da ya tara su duka. Vassya Bankova ta Kwalejin Kimiyya ta Bulgeriya ta daɗe tana rarraba shi gida-gida bisa itacen da ya fito, kuma a ganina ta nan ya kamata kowane zance ya fara.

A Turai da Sin da Arewacin Amurka, ƙudan na zuwa kan tohon itacen fofula. Ƙaronsa cike yake da sinadaran filabonoyid irin su finosembirin da kirisin da galangin, da wani da ake taƙaita sunansa da CAPE, wanda aka fi gwadawa a kan kumburi. Yawancin tsofaffin rubuce-rubuce a kansa aka yi. A Birazil labarin daban ne. A jihar Minas Gerais ƙudan na yagar ƙananan ganyen wani tsiro mai suna Baccharis dracunculifolia, ƙaron ya fito kore, babban sinadarinsa atefilin C, kuma Japanawa ne manyan masu sayensa. A gaɓar teku ta jihar Alagoas kuwa ja ne jawur, daga jan ruwan da ke tsattsafowa a jikin tsiron Dalbergia ecastaphyllum, da sinadaran da suka haɗa da fomononetin da bestitol. A 2012 Birazil ta yi masa rajista da sunan yankinsa, ta yadda ba kowane jan ƙaro zai ari sunan ba. Na Kyuba da Benezuwela daga furen Clusia yake, na Okinawa da Taiwan daga itacen Macaranga, na tsibirin Kirit a Girka daga dangin itacen sayifires.

Namu fa? Masu bincike a Jami'ar Strathclyde da ke Glasgow sun auna samfura daga sassan Afirka. Da yawa daga ciki sinadaran taraitafin ne suka rinjaya a cikinsu, ba filabonoyid irin na Turai ba. A wasu samfuran Kamaru an ga alamun ƙaron mangwaro, kuma ban yi mamaki ba, don ni ma ina ganin ƙudana sun yi dafifi a inda aka sare reshen mangwaro. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Bonny a jihar Ribas. Ja ne, kuma rahoton da suka fitar a 2016 ya nuna yana ɗauke da sinadarai irin na jan ƙaron Birazil. Da aka gwada shi a kan Trypanosoma brucei, dangin ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa mai jawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, ya kashe ta a ɗakin gwaji. Ƙudan zuma su ma suna da ƙwayoyin hanji 'yan wannan dangi, shi ya sa wasu masana ke zaton da gangan suke zaɓen irin waɗannan itatuwa.

Amma Bonny dajin ruwa ne. Mu da ke cikin maje da ararrabi da dashi da kaɗanya, ba mu da ikon ɗaukar sakamakon Bonny mu liƙa wa namu, balle na Minas Gerais.

Akwai dai inda suka haɗu. Kusan kowane firofolis, ko daga ina, yana hana ƙwayoyin bakteriya da na fangas yaɗuwa a farantin gwaji. Ya fi tasiri a kan irin su Staphylococcus aureus mai sa maruru da ruɓar gyambo, ƙarfinsa kuma ya ragu a kan E. coli da 'yan'uwanta. Dalilin a fili yake: itace ya yi ƙaro ne don kare rauninsa, ƙuda kuma ta kwaso don kare gidanta. Idan ɓera ya shiga amya suka kashe shi, ba su iya fitar da shi, sai su lulluɓe gawar da ƙaro don kada ta ruɓe. Marla Spivak ta Jami'ar Minnesota da abokan aikinta sun nuna a 2009 cewa a akwatin da aka shafe cikinsa da firofolis ƙwayoyin cuta sun ragu, garkuwar jikin ƙudan kuma ba ta shan wahala sosai. Tun da na san haka na daina kankare bangon akwatuna fes, kuma katako mai kaushi nake ba kafinta, don ƙudan sun fi shafe shi.

Ga ɗan Adam kuwa a bi a hankali. Abin da ya kashe ƙwaya a faranti bai zama lallai ya yi haka a cikin jini ba. Inda gwaji a kan mutane ya fi nuna alamar amfani shi ne a waje-waje: kurkure baki, kumburin dasashi, ƙurajen leɓe, ƙananan raunuka. Maganar daji da suga galibinta a ɓeraye da faranti ta tsaya, don haka kada wani ya ajiye maganin asibiti saboda kwalba. Yana kuma sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata, musamman mu masu taɓa shi kullum. Sannan a duba takardar kwalbar: yawanci da barasa mai ƙarfin kashi 70 ake tatso shi, don ruwa ba ya narkar da shi sosai. Mai ƙyamar haka ya nemi wanda aka tatsa da gilaikol, wani ruwan sinadari da ake amfani da shi a madadin barasa.

Ni dai raga ta roba nake shimfiɗawa a ƙarƙashin murfi, in sun cike ramukan in sa ta a firiza, in lanƙwasa, ƙaron ya zube. Sai dai ƙuda ba ta da tsantseni. In ta rasa itace, kwalta da ɗanyen fenti ma kwasowa take, an kuma sha samun dalma a irin wannan ƙaro. Shi ya sa akwatunan da nake ɗiba a cikinsu suke nesa da titi, kuma ban yi musu fenti ba.